Farcen mai cutar alofeshiya ariyata: shafa mai, ƙunsa lalle, allura ko ƙwaya?

Wanda gashinsa ya fara zubewa tabo-tabo, zagaye kamar kwabo, yana da inda zai fake. Namiji ya kafa hula, mace ta ɗaura ɗankwali, a wuce wurin. Hannu kuwa ba shi da maɓoya. Da shi ake gaisawa, da shi ake miƙa kuɗi, da shi ake cin tuwo a kwano ɗaya da jama'a. Shi ya sa wasu masu fama da wannan cuta ta alofeshiya ariyata, wadda kan taɓa har da farce, za ka ji sun fi kokawa da faratansu a kan gashin kansu, musamman 'yan mata da yara 'yan makaranta da abokai ke tambaya me ya sami yatsunsu.

Cutar tana tasowa ne idan garkuwar jiki ta juya ta afka wa saiwar gashi. Ba makero ba ce, ba a ɗaukarta daga wurin wani, kuma rashin tsafta ba ya kawo ta. A jikin wasu, garkuwar ba ta tsayawa kan gashi, sai ta taɓa tushen farce, wato naman da ke ɓoye ƙarƙashin fatar gindin farce, inda ake ƙera farcen. An fi ganin haka ga yara da kuma waɗanda zubar gashinsu ta yi tsanani, har ta cinye kai gaba ɗaya ko ta haɗa da gira da gashin jiki. Wani lokaci ma farcen ne ke fara canzawa kafin gashi ya zube, wani lokaci kuma gashi ya dawo farcen bai gyaru ba tukuna.

Alamomin iri-iri ne. Mafi yawa ƙananan ramuka ne marasa zurfi, a jere, kamar an bi farcen da tsinin allura. Akwai wanda farcensa ke yin kaushi ya rasa sheƙi, kamar an goge shi da samfefa daga gindi zuwa baki, har ya kan kama duka farata ashirin. Akwai zane-zane a tsaye, da tsagewar baki, da fararen ɗigo, da jan tabo a kan ɗan farin nan mai kamar jinjirin wata. Kaɗan daga ciki farcen yakan ɓamɓaro daga gindi ya faɗi, sabo ya biyo baya.

Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe kafin ya kashe ko naira ɗaya. Farcen da ake gani a waje mataccen abu ne, an riga an gama ƙera shi watanni da suka wuce. Ramin da ke tsakiyarsa ba zai cike ba ko da wane magani aka shafa. Farcen hannu yana tsiro kimanin milimita 3 a wata, kuma yana ɗaukar wata 4 zuwa 6 kafin ya sake gaba ɗaya, na ƙafa kuwa shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Saboda haka kowace hanya ɗayan abu uku take yi: ta kare farcen da ke nan daga karyewa, ko ta rufe shi daga idon mutane, ko ta kwantar da kumburin da ke tushe don sabon ya fito lafiya. Mai sayar da maganin da ya ce farce zai yi santsi cikin mako biyu, a bar masa kayansa.

A fara tabbatar da abin da ake jinya

Farce mai kaushi yana kama da wanda ƙwayar fangas ta ci, kuma a nan ake yawan asarar kuɗi. Mutum ya je kemis a ba shi ƙwayar maganin fangas, ya sha wata uku, babu canji, ga nauyin da ya ɗora wa hantarsa a banza. Likitan fata yana iya yankar ɗan gutsuren farce a duba a na'ura, a gane ko fangas ne ko ba shi ba. Cutar fata mai ɓawo da ake kira soriyasis ita ma tana huda farce, sai dai nata ramukan sun fi zurfi kuma ba su jeru ba. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini yana sa farce ya yi laushi ya lotsa kamar cokali. Ciwon maƙoƙo, wato matsalar tayiroyid, yakan zo tare da alofeshiya ariyata ga wasu mutane, shi ma yana sa farce gautsi. Gwajin jini ne ke warware waɗannan. Likitocin fata ba su da yawa, an fi samunsu a asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Sakkwato, amma ziyara ɗaya tak tana iya hana asarar shekara guda.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Wajen auna hanyoyi biyar da ke tafe, kuɗi ne na farko, kuma ba na sayen farko kaɗai ba, har da na wata shida ko shekara, tun da farce ba ya gaggawa. Sai ɗorewa: idan aka daina, amfanin yana nan ko yana tafiya? Sai sauƙi: a gida za a yi ko sai an yi tafiya zuwa babban asibiti, kuma yaro zai iya jurewa? Sai haɗari ga farcen da kuma sauran jiki. Na ƙara da alwala, domin ga Musulmi abin da ya hana ruwa taɓa farce matsala ce ta sau biyar a rana.

Hanya ta ɗaya: kula a gida da haƙuri

Wannan ita ce ginshiƙi, duk wata hanya a kanta ake ɗorawa. A riƙa yanke farce gajere, domin dogon farce mai gautsi yana maƙale wa tufafi ya tsage har cikin nama. A yanke bayan wanka lokacin da ya yi laushi, da abin yankan farce na mutum shi kaɗai, sannan a daidaita bakin da abin goga mai laushi, ana ja gefe ɗaya.

Abin da ya fi cutar da irin wannan farce shi ne jiƙewa da bushewa a kai a kai. Ruwa yana kumbura shi, iska ta busar da shi ya motse, ɓawonsa ya riƙa rabuwa. Omo da sabulun wanki suna ƙara kwashe ɗan maiƙon da ya rage. Uwar gida da ke wanke-wanke da wanki kullum, da mai wankin mota, da mai aikin siminti, su suka fi shan wahala, kuma hunturu yana ninka abin. Maganin ba shi da tsada: safar hannu ta roba lokacin wanki, da mai mai kauri bayan duk wata taɓa ruwa. Basilin ya isa, man kaɗanya tsantsa wanda ba a zuba wa turare ba shi ma ya isa. A murza shi a kan farcen da fatar gindinsa. Ni a ganina hanya mafi sauƙi ta tunawa ita ce a haɗa shi da salla: an idar, a shafa. Da dare a lafta da yawa, in da hali a sa safar auduga a kwana da ita. Idan kaushin ya yi yawa, akwai man shafawa mai sinadarin yuriya a kemis wanda ke tausasa farce, amma mai ƙarfin sosai yana iya narkar da siririn farce, don haka a tambayi likita kashi nawa ya dace.

Abin da zan roƙa a daina shi ne miƙa irin wannan hannu ga masu yankan farce na kan titi. Sana'arsu ce su kankare saman farce ya yi fari fes, su kuma yanke fatar gindinsa. Ga lafiyayyen farce ma wannan ba alheri ba ne, balle wanda ya riga ya sirance. Fatar nan ita ce murfin tushen farce, idan aka cire ta ruwa da ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa, gefen yatsa ya kumbura ya tara ruwa. Ga kuma haɗarin ciwon hanta nau'in B daga almakashi ɗaya da ya bi hannaye da yawa. Haka kankarewa da reza a gida, da cizon farce.

Ta fuskar kuɗi babu wadda ta kai wannan araha, haɗari kusan babu, alwala ba ta da matsala muddin an goge maiƙon da ya taru kafin a yi ta. Rauninta shi ne ba ta taɓa kumburin da ke tushe. Sai dai ga yara da yawa, kaushin faratan yana raguwa da kansa cikin shekaru, kuma cutar ba ta cika barin tabo na dindindin a tushen farce ba. Shi ya sa likitoci sukan ce a jira idan babu ciwo.

Hanya ta biyu: rufewa da ado

A nan abubuwa uku ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce.

Jan lalle na gargajiya, garin ganye tsantsa, rina farce yake yi ba tare da ya yi masa rufi ba. Ruwa yana isa, alwala ta inganta, kuɗinsa kaɗan ne, kuma launin yana zama har farcen ya fita. Yana ɓoye fararen ɗigo da rashin sheƙi sosai. Ramuka dai ba ya cike su, a kan farce mai kaushi ma launin yakan fi duhu a wasu wurare. Yana ɗan busar da farce, sai a bi shi da mai. Akwai wani amfani da nake so ƙwarai: duk macen da ta taɓa ƙunshi ta san yadda jan yake hawa sama, farin sabon farce yana biyo shi daga gindi. Wannan layin ma'auni ne kyauta. Bayan wata biyu a dubi abin da ya tsiro ƙasa da layin. Idan ya fi na sama santsi, tushen ya fara lafawa. A dai ɗauki hoton faratan kafin a ƙunsa, ko a bar yatsa ɗaya ko biyu babu lalle idan akwai ganin likita a gaba.

Gargaɗi biyu kan lalle. Baƙin lalle da ake haɗawa da dayis na gashi yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda ke jawo wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, kuma kumburi a gindin farce shi ne abin da ake gudu tun farko. Sannan jarirai da ƙananan yara masu ƙarancin sinadarin G6PD a jini, matsalar da ta yawaita a Afirka ta Yamma, lalle mai yawa yana iya fasa musu jajayen ƙwayoyin jini.

Jan farce na kwalba yana da fa'idar da lalle ba shi da ita: yana cike ramuka, farcen ya yi sumul, yana kuma ɗan riƙe ɓawon da ke rabuwa. Kwanaki kaɗan yake yi ya fara ɓarewa. Matsalar tana wurin gogewa, domin ruwan asiton yana busar da farce ƙwarai. Ga mai salla kuma sai an cire kafin kowace alwala, wanda ke nufin asiton sau da yawa a rana, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Ya dace da ranakun da mace ba ta salla, ko wani taro na 'yan sa'o'i, a goge da ruwan da babu asiton a ciki.

Farcen roba da na jel da ake busarwa da fitila su suka fi ɓoye komai, suna yin mako biyu zuwa uku, kuma su na fi tsoro. Kafin a manna sai an goge saman farcen, kafin a cire sai an jiƙa shi cikin asiton an kankare. Farcen da tun farko siriri ne zai fito ya ƙara lalacewa. Danshi yana maƙalewa a ƙarƙashi ya jawo fangas na gaske, gam ɗin kuma yana tayar wa wasu da borin fata. Ga tsada duk wata, ga hana alwala. Ban ga wanda zan ba shawarar wannan ba.

Hanya ta uku: man sitiroyid a gindin farce

Sitiroyid magani ne mai kwantar da kumburi. Likita yakan rubuta mai ƙarfi irin kulobetasol, a shafa kaɗan a fatar gindin farce, ba a kan farcen ba, don maganin ya ratsa zuwa tushe. Kuɗinsa matsakaici ne, a gida ake yi, babu zafi, yaro zai iya jurewa ƙarƙashin kulawar likita. Sakamakonsa ba tabbas: wasu suna ganin sauƙi bayan wata uku zuwa shida, wasu ba sa gani, domin tushen yana da nisa daga saman fata. Idan aka daina kuma cutar ba ta kwanta ba, ramukan suna iya dawowa.

Haɗarin yana cikin daɗewa. Fata tana sirancewa, tana kuma yin fari, kuma a baƙar fata wannan farin a kan yatsu yana iya fin ramukan jan ido. Shi ya sa ake shafawa na ɗan lokaci a huta. Man nan mai haɗi uku da ake saye a kemis don kowane ƙaiƙayi, da mayukan bilicin, da yawansu suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, kuma amfani da su ba ƙa'ida ba ya maye gurbin rubutun likita.

Hanya ta huɗu: allura a gindin farce

Ana tsira ruwan tirayamsinolon, wanda shi ma sitiroyid ne, kai tsaye kusa da tushe, a maimaita bayan mako huɗu zuwa takwas, sau da dama. Ta fi shafawa isa inda ciwon yake. Tana da zafi ko da an kashe wurin, kuma sai ƙwararren likitan fata, don haka a lissafa kuɗin mota da ranar aiki a kan kuɗin allurar. Tana iya barin farin tabo, ko lotsawar fata, ko jini a ƙarƙashin farce, ko layi a kwance. Tana da ma'ana ga babban mutum mai farce biyu ko uku da suka dame shi. Ga yaro mai farata ashirin, azaba ce da ba ta cancanta ba.

Hanya ta biyar: ƙwayoyin da ke danne garkuwar jiki

Shekarun nan an sami sabon rukuni na magani mai toshe sinadarin JAK, wanda garkuwar jiki ke aika saƙo ta cikinsa. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Olumiant ga manya masu tsananin cutar a 2022, da Litfulo ga 'yan shekara 12 zuwa sama a 2023, sai Leqselvi ga manya a 2024. Likitoci kuma sun daɗe suna gwada tofasitinib, wanda shi ma ɗan wannan rukuni ne. Tun da maganin yana bin jini, yana isa tushen farce ashirin lokaci ɗaya, kuma an ga faratan marasa lafiya da dama sun gyaru tare da gashinsu.

Amma don tsananin zubar gashi aka amince da su, ba don farce ba. Suna buɗe ƙofa ga cututtuka masu tsanani, suna iya tayar da tarin fuka ko ciwon hanta nau'in B da ke kwance a jiki, kuma takardarsu tana ɗauke da gargaɗi kan daskarewar jini, ciwon zuciya da ciwon daji. A ƙasar da tarin fuka da ciwon hanta suka yawaita kamar Najeriya, gwaji kafin farawa da bibiyar jini a kai a kai wajibi ne. Mai ciki da mai shayarwa ba sa sha. Kuɗinsu a Amurka dubban daloli ne masu yawa a shekara, kwafin da ake shigowa da shi daga Asiya ya fi sauƙi amma yana buƙatar a tabbatar da ingancinsa. Idan aka daina sha, cutar takan dawo. Shan wannan don ramukan farce kaɗai shi ne garin neman gira a rasa ido.

Ƙwayar bayotin, wani nau'in bitamin da ake tallatawa don gashi da farce, ban sa ta cikin hanyoyin ba, domin hujjar amfaninta ga wannan cuta ba ta da ƙarfi. Tana kuma rikita sakamakon wasu gwaje-gwajen jini, har da na tayiroyid da na bugun zuciya, abin da hukumar Amurkan ta yi gargaɗi a kai a 2017. Mai shan ta ya sanar da likita kafin a ɗebi jininsa.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari | Alwala |
|---|---|---|---|---|---|
| Mai, safa, gajeren farce | Araha sosai | Muddin ana yi | A gida | Kusan babu | Babu matsala |
| Jan lalle tsantsa | Araha | Har farcen ya fita | A gida | Kaɗan, a kula da ƙananan yara | Babu matsala |
| Jan farce na kwalba | Kaɗan | Kwanaki | A gida | Bushewa wurin gogewa | Yana hanawa |
| Farcen roba ko jel | Tsada duk wata | Mako 2 zuwa 3 | Sai shago | Sirancewa, fangas, borin fata | Yana hanawa |
| Man sitiroyid | Matsakaici | Yana iya dawowa | A gida, da rubutun likita | Farin fata, sirancewa | Babu matsala |
| Allura | Matsakaici zuwa tsada | Watanni, ana maimaitawa | Sai ƙwararre, da zafi | Tabo, lotsawar fata | Babu matsala |
| Ƙwayar JAK | Tsada ƙwarai | Muddin ana sha | Gwajin jini a kai a kai | Mai girma | Babu matsala |

Wace ta dace da wa

Yaro ko yarinya mai kaushin farata, ba ciwo, ba tsagewa: mai da gajeren farce, a ɗauki hoto duk wata uku, a kuma yi wa malamin ajinsu bayani cewa abin ba ya yaɗuwa. Idan tsokana ta fara sa yaron ɓoye hannu, a gaya wa likita, wannan ma dalili ne na gwada man shafawa.

Budurwa ko amarya da kamannin ne kawai ke damunta: jan lalle tsantsa, a bi da man kaɗanya, a ce wa mai ƙunshi kada baƙin ya kusanci gindin farce. Namijin da ba zai sa lalle ba, basilin kaɗai yana dawo da ɗan sheƙi ya rage fitowar ramukan.

Mai aikin ruwa ko siminti wanda farcensa ke tsagewa: safar hannu kafin komai, sannan man yuriya, domin wani magani ba zai yi tasiri ba idan hannu yana kwana cikin omo.

Tela ko mai aikin kwamfuta da farce biyu ko uku ke maƙalewa suna hana shi aiki: man sitiroyid na wata uku zuwa shida, idan sabon tsiron bai canza ba a tattauna allura.

Wanda gashin kansa ya zube rabi ko fiye, faratan ma sun lalace: shi ne zai zauna da likitan fata kan ƙwayar JAK, bayan gwajin tarin fuka da na hanta, kuma bayan ya lissafa ko aljihunsa zai ɗauki shekara da shekaru.

Wanda kuma gefen yatsarsa ya kumbura yana zogi, ko farce ɗaya tak ya yi baƙin layi a tsaye yana faɗaɗa, ya ajiye wannan tebur ya tafi asibiti cikin makon nan.